Lambar da Na Ce Ta Kakana Ce

Ni ne da laifi a maganar lambar nan, kuma gara ku ji daga bakina tun ina da sauran numfashi. Duk cikinku babu wanda ban zaunar da shi na rubuta masa ita a ƙasa ba: 142857. Kun tashi kuna kiranta lambar Kaka, har kwanan baya na ji 'yar'uwarku Hadiza tana gaya wa 'ya'yanta cewa kakana ne ya bar mana ita gado daga Zariya. Na ji, na kawar da kai, kamar yadda na saba. To, ba haka ba ne. Kakana majemi ne, Allah ya ji ƙansa, iyakar lissafinsa ya san fatu nawa ke cikin rami. Ni na ƙaga masa malanta da bakina. Na faɗi ƙaryar a gaban jama'a, na janye ta a gaban mutum biyu kawai, shi ya sa ta rayu har ta iske ku.

Abin ya faru 'yan shekaru kafin a ba mu mulkin kai. Na zo Kaduna da ɗan karatuna na elementare, na samu aikin buga tafireta a wani ofishin gwamnati. Ni ne ƙarami a ofishin, ga shekaru ga matsayi. Abin da aka rubuta shi nake bugawa, ba a taɓa tambayata me na gani ba. Na kama ɗaki a Unguwar Shanu, a gidan wata dattijuwa da kowa ke kira Goggo Asabe. Mijinta ya rasu ya bar mata gidan, tana sayar da daddawa da kuka a ƙofar ɗakinta. Ɗakin da ke kallon nawa na Malam Ishaya ne da matarsa Rifkatu, mutanen wajen Kagoro, Kiristoci. Shi malamin lissafi ne a wata makarantar mishan. Ya girme ni da kamar shekara goma, dogo ne siriri, kullum da farin alli a gefen wandonsa. Yana ce mini Akawu, ina ce masa Ticha. A Kaduna ta lokacin kowa baƙo ne, saboda haka ba wanda ya ga abin mamaki don mun saba. Ranar Salla Rifkatu ke taya Goggo suya, ranar Kirsimati kuma kwano ya iso ɗakina.

In na taso aiki na yi la'asar, mukan zauna a gindin mangwaron da ke tsakar gida. Malam Ishaya ba ya iya zama hannu sake. Zai share ƙasa da tafin hannu, ya samo tsinke, ya fara. A wurinsa lambobi mutane ne, kowace da halinta da danginta. Ya ce rabon farko shi ne wanda yara suka sani a wasa, cika da mara: wadda za ta rabu biyu daidai, da wadda ɗaya zai yi saura. Bayan wannan akwai masu dangi, kamar goma sha biyu, wadda biyu da uku da huɗu da shida duk suna shiga cikinta ba saura. Akwai kuma waɗanda babu mai raba su sai ɗaya sai su kansu, kamar sha ɗaya da sha uku da talatin da bakwai.

“Waɗannan su ne gwauraye,” in ji shi. “Irinka ke nan, Akawu. Ba mata, ba suruki, ba mai shiga ɗakinsu.”

“Ai gwauro ma da ranarsa, Ticha.”

“Sosai. Duk wata lamba mai dangi, in ka bi asalinta, gwauraye ne suka haɗu suka haife ta. Ka ga ke nan akwai sauran fata a kanka.”

Wata rana da yamma ya share ƙasa ya rubuta alƙaluma shida a jere, ɗaya, huɗu, biyu, takwas, biyar, bakwai. Ya ce in karanta. Na ce dubu ɗari da arba'in da biyu da ɗari takwas da hamsin da bakwai. Ya ce tunda ina cika baki da saurin lissafi, in ninka ta sau biyu. Na yi, na samu 285714.

“Duba da kyau. Akwai baƙo a ciki?”

Na duba, babu. Alƙaluman nan shida ne dai, ba wanda ya fita, ba wanda ya shigo, kuma ba su ɓata layinsu ba. Kamar mutum shida ne suka zauna suka kewaye akushi, sai dai wannan karon daga kan wani aka fara ƙirga. Na ninka sau uku, 428571. Sau huɗu, 571428. Sau biyar, 714285. Sau shida, 857142. Kowane karo ina jiran abin ya karye, ya ƙi. Da na zo sau bakwai na riga na saki jiki, sai ga tara shida a jere, 999999, ko ɗaya daga cikin mutanen akushin babu. Na ɗaga kai na dube shi, yana ta dariya har da riƙe ciki.

Bai bar ni haka ba. Ya ce in yanka ta gida biyu in haɗa, 142 da 857, suka ba ni 999. In yanka gida uku, 14 da 28 da 57, suka ba ni 99. Daga nan muka shiga neman danginta. Mara ce, biyu ba ya shiga. Uku ya shiga, ya sake shiga, ya kuma shiga. Sha ɗaya ya shiga, sha uku ya shiga, abin da ya rage talatin da bakwai, gwauro, nan hanya ta ƙare. Na ce to bakwai fa, tunda shi ne ya mai da ita tara-tara, lalle ɗan gida ne. Na gwada, ya ƙi shiga, ɗaya ya yi saura. Wannan ya fi komai tsaya mini a rai.

“Ticha, me ya sa take haka?”

“Yauwa. Yanzu ka fara lissafi, dā can kallo kake. Je ka kwana da ita. In ta gagare ka, zo in gaya maka, ba wani abu ba ne mai wuya.”

Ban koma na tambaye shi ba, don kafin ta gagare ni na riga na samo mata wani amfani. Washegari na nuna wa akawunan ofis a bayan wata tsohuwar ambulan. Babban akawu, wanda bai taɓa kiran sunana daidai ba, ya sa aka kawo injin lissafi mai hannu ya juya da kansa, ya ga haka ne, ya cire tabarau ya dube ni. Ranar Asabar na tafi Babbar Kasuwa, rumfar wani abokina tela, Tanko, inda samari ke taruwa hira. Na rubuta musu a kan takardar awo. A nan ne na jera sahu shidan, wani ƙarƙashin wani, sai na lura da abin da Malam Ishaya bai nuna mini ba: in ka tara kowane sahu a kwance, ashirin da bakwai ne, in ka tara a tsaye ma ashirin da bakwai ne. Na ja musu layi na yi gida-gida. Duk wanda ya taɓa buɗe laya ya san kamannin abin da ya fito. Hatimi ne sak, irin wanda malamai ke zanawa.

Tanko ya tsai da keken ɗinkinsa.

“Sani, wannan ba boko ba ne. Faɗi gaskiya, wa ya ba ka?”

Amsar tana bakina. Maƙwabcina ne ya nuna mini a gindin mangwaro, me ya fi wannan sauƙi? Amma na ga yadda suka yi tsit suna jirana, ni da ba a taɓa jiran maganata ba. Sai na ji kaina ina cewa kakana malamin hisabi ne a birnin Zariya, shi ya bar wa gidanmu, kuma ba kowa ake nuna wa ba. Tanko ya ce dama shi ya san Bazazzagi ba ya rasa abu a aljihu. Kafin wata ya ƙare, daga kasuwa har unguwa an daina ce mini Sani, sai Malam Sani. Zan faɗa muku wani abu kuma don kada in ƙara wa kaina baƙi fiye da yadda nake: ni ma rabin zuciyata ta fara yarda. Na ce a raina, abin da ya yi wannan tsari haka, a kwance da tsaye, ba zai rasa wani sirri ba, wataƙila Ticha ma bai san abin da ya riƙe ba.

Goggo Asabe tana da 'ya'ya biyu. Macen tana aure a Giwa. Namijin, Haruna, ya bi wani falke ya raka shanu a jirgin ƙasa zuwa Ikko tun yana saurayi, daga nan ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Shekaru sun ja. Wasu sun ce an gan shi a bakin teku yana dako, wasu sun ce ya ƙetara Gwanja. A shekarar da nake ba ku labari ƙafafun Goggo sun fara kumbura, 'yarta ta aiko sau da yawa ta komo Giwa a kula da ita, kuma ta amsa. Har ta fara raba tukwanenta, ta ce kafin ruwa ya sauka za ta tafi, wani ɗan ƙanen mijinta zai riƙa duba gidan.

Wata safiya ina goge takalmi ta zo ƙofar ɗakina da ƙwaryar fura. Ba ta taɓa kawo mini da kanta ba, aike take yi. Ta durƙusa da ƙyar, na ce Goggo don Allah tashi, ta ƙi.

“Malam, an ce kana da wata lamba da duk inda aka kora ta sai ta kewayo gida.”

“Haka take, Goggo.”

“An ce ko sau nawa aka juya ta, 'ya'yanta ba sa ɓacewa.”

Na gane inda ta dosa.

“Ka yi mini kiranye da ita. Ba na neman ya zo da komai. Ya zo in gan shi, ko da riga ɗaya ne.”

Ku da kuka tashi a wannan zamani wataƙila ba ku san kiranye ba. In mutum ya ɓace a duniya, akan je wurin malami ya yi rubutu da sunansa da na mahaifiyarsa, a ɗinke a rataye a reshen itace. Ana cewa duk lokacin da iska ta kaɗa layar, haka zuciyarsa za ta riƙa kaɗawa har ya tattaro ya dawo. Ni ban san yadda ake yi ba. Abin da na sani shi ne sahu shida na lambar Ticha. Na sayo tawada da alƙalamin kara, na zana gidajen, na juya alƙaluman zuwa na Larabci don su yi kama da abin gaske, na sa Haruna ɗan Asabe a tsakiya. Sahu na bakwai, inda duk suke ɓacewa, ban rubuta shi ba, kuma na san dalilin da ya sa na bar shi. Tanko ya kai wa baduku ya ɗinke da jar fata. Na hau mangwaron nan da muke zama a gindinsa na ɗaura.

Goggo ta aika Giwa ta ce ta fasa. Ta karɓo tukwanen da ta bayar. Ta sa aka share ɗan ɗakin da take ajiye daddawa, aka shafe shi da farar ƙasa, ta shimfiɗa sabuwar tabarma. Duk ranar da jirgi zai iso daga kudu, sai ta ɗaura zane mai kyau ta kama hanyar tasha da sandarta, tana tafiya tana hutawa a gindin itatuwa. Ta zauna a kan benci har fasinja su watse, ta dawo. In ta shigo gida sai ta ɗaga kai ta dubi reshen kafin ta dubi kowa. Ni kuwa tuwona ya ƙaru, nama ya fara bayyana a miyata. Ina ci.

Rifkatu ce ke gasa mata ƙafafu da ruwan zafi in ta dawo, ita ta gaya wa mijinta abin da ke cikin layar, don Goggo ba ta ɓoye mata komai. Malam Ishaya ya tare ni a zaure ina fitar da keke.

“Akawu, abin da na ji gaskiya ne?”

“Me ka ji?”

“Ka sani. Matar nan ƙafarta ta kusa fashewa. Ka hau ka kwance abin nan, ka gaya mata wasa ne na lissafi. In kana jin nauyi, mu je tare.”

Na ce masa na makara, za mu yi magana. Na yi ta zille masa. In na ji motsinsa a tsakar gida sai in zauna a ɗaki, in ya shiga wanka in fice.

Ranar wata Lahadi da yamma Tanko ya zo da abokai uku, muka shimfiɗa tabarma a ƙofar gida. Goggo tana daga cikin zaure tana jin mu. Sai ga Malam Ishaya ya dawo daga coci da littafinsa a hammata. Tanko ba ya ganin mutum ya ƙyale.

“Ticha, zo ka ga abin da ya fi ƙarfin allonku. Duk bokonku akwai mai irin wannan? Malam, nuna masa na Kaka.”

Malam Ishaya ya tsaya. Ya dube ni, ya ba ni lokaci, na san lokaci yake ba ni. Sannan ya ce a hankali:

“Tanko, lambar nan ba ta kakan kowa ba ce. Ni na nuna masa a cikin gidan nan, ni ma wani ya nuna mini a makaranta. Ba ta kiran kowa. Ba ni tsinke in nuna muku inda ta fito, yaro ɗan aji huɗu zai gane.”

Ya sunkuya zai share ƙasa. Na ga idanun samarin sun juyo kaina, na ji Goggo ta daina motsi a zaure. Na sa ƙafa na take wurin da zai share.

“Yaushe ka nuna mini? Kai da ba ka taɓa riƙe allo ba, me ka sani a ilimin malamai? Kowa ya tsaya a nasa. Mu ba mu shiga muku coci ba.”

Ban taɓa yi masa magana da mu da ku ba sai ranar. Na zaɓi maganar ne don na san ita ce za ta sa samarin su koma bayana, kuma sun koma. Ya miƙe, ya kakkaɓe hannunsa ko da yake bai taɓa ƙasar ba. Ya ce, “To, Malam Sani,” ya shige. Bai ƙara ce mini Akawu ba. Yana gaishe ni da safe kamar yadda ake gaida mai gadin wani gida. Gindin mangwaro ya koma wurin shanyar Rifkatu.

Zan so in ce muku nadama ce ta kai ni wurinsa, amma na yi alkawarin faɗin gaskiya a labarin nan. Son sani ne. Da ƙafata na take amsar da nake nema, kuma tambayar ba ta bar ni ba. Damina ta sauka, Goggo tana zuwa tasha da buhu a ka, ni kuwa abin da ke cina shi ne me ya sa. In an tashi cin abinci a ofis sai in zauna gaban injin lissafi ina juyawa. Na gwada lambobi masu alƙaluma shida iri-iri, ranar haihuwata, lambar kekena, duk abin da ya zo mini. Da na ninka sau biyu sai baƙi su cika gida. Na gwada sauya wa alƙaluman nan shida wuri, abin ya lalace. Na ninka ta sau takwas na samu 1142856, na ga in na ɗauke ɗayan farko na ƙara a ƙarshe, ta dawo yadda take. Wannan ya ƙara rikita ni. Ina buga wasiƙar gwamnati ina tunanin bakwai, wanda ya ƙi shiga cikinta amma shi kaɗai ke iya watsa ta. Har babban akawu ya dawo mini da takarda ya ce in duba, na buga lambar a inda ya kamata in sa kwanan wata.

Ranar da na kasa, na hau keke bayan an tashi aiki na nufi makarantarsu, can hanyar Malali, wadda a lokacin gonakin Gwarawa ne suka fi gidaje yawa. Yara sun watse. Na same shi shi kaɗai a aji yana goge allo. Na yi sallama, ya amsa. Na tsaya a bakin ƙofa ina juya hula a hannu. Abin da ya fito daga bakina shi ne:

“Ticha, ta gagare ni.”

Na ɗauka zai ce sai na cika wani sharaɗi, ko ya tuna mini abin da na ce. Ya miƙo mini alli kawai.

“Rubuta miliyan ɗaya. Raba wa mutum bakwai. Yi a hankali, ka riƙa faɗa mini abin da ya yi saura kowane mataki.”

Na fara. Bakwai cikin goma, ɗaya, saura uku. Na sauko da sifiri, talatin, huɗu, saura biyu. Ashirin, biyu, saura shida. Sittin, takwas, saura huɗu. Arba'in, biyar, saura biyar. Hamsin, bakwai, saura ɗaya. Na ja baya na dubi abin da na rubuta a sama. Ita ce, ɗaya, huɗu, biyu, takwas, biyar, bakwai. Rabon mutum ɗaya ne in bakwai suka raba miliyan, da guda ɗaya da ya rage a ƙasa.

“In kana raba wa mutum bakwai, saura zai iya kai bakwai?”

“A'a. Da ya kai, sai a sake zagayawa.”

“To saura iri nawa ne ke nan?”

“Ɗaya zuwa shida.”

“Ka taka su duka?”

Na duba: uku, biyu, shida, huɗu, biyar, ɗaya. Duka shida, kowanne sau ɗaya, na dawo kan ɗayan da na fara da shi. Ya ce in da sifirai sun ci gaba, ba inda zan je sai in sake bin sawuna, don babu wani sauran da ban taka ba. Ya ce yanzu in raba miliyan biyu. Da na fara sai na ga na faɗo a kan ashirin, wurin da na riga na wuce ɗazu, daga nan kuma hanya ɗaya ce, biyu, takwas, biyar, bakwai, ɗaya, huɗu. Ban ƙarasa ba na ajiye allin. Ninkawa sau biyu ko sau biyar ba komai ba ne illa shiga zagaye ɗaya ta wata ƙofa. Sau bakwai kuwa rabon mutum bakwai ɗin ne aka mayar wuri ɗaya, miliyan ba ɗaya, shi ne tara shida a jere.

Na zauna a kan bencin yara, gwiwoyina sun kusa taɓa haɓata. Daɗin da na ji a lokacin ban taɓa jin irinsa a karatu ba, kuma har yau in na tuna ina jinsa. Amma bai daɗe ba. Muddin ban san dalili ba, ina da wurin ɓuya, ina iya ce wa kaina wa ya sani, ko akwai wani abu. Yanzu na ga cikinta har ƙasa. Tana dawowa ne don ba ta da wurin zuwa. Haruna kuwa duniya ce a gabansa.

Na ce, “Ticha, maganar da na faɗa maka a ƙofar gida...”

Ya ɗaga hannu.

“Ta yi mini zafi, ba zan ce ba ta yi ba. Rifkatu ta yi kuka. Amma ni ina da ƙafafu lafiyayyu, zan iya jiranka. Yau jirgin kudu ke zuwa.”

Bari in gaya muku yadda abubuwa suka ƙare tun yanzu, don ba a nan nake so in tsaya ba. Haruna bai dawo ba, har yau ba wanda ya san kabarinsa. Goggo ta koma Giwa bayan kaka, ta yi shekara biyu a hannun 'yarta, ƙafar ba ta warke ba. Ko watannin da ta yi tana takawa zuwa tasha su suka ƙarasa ta, Allah ne ya sani, ni dai ban taɓa cire kaina ba. Malam Ishaya shi ne Baba Ishaya da kuka sani, wanda ya riƙa kawo muku lemo daga Kafanchan. Bai taɓa gaya muku ba, ko da ya ji kuna cewa lambar Kaka. Tanko da sauran samarin kuwa ban taɓa samun ƙarfin zuciyar tara su in warware ba.

Ranar nan da na bar makarantar, na iske Goggo a tasha, a ƙarshen benci, an yi yayyafi an ɗauke. Ta ajiye sandarta a gefe, ta miƙe ƙafafun a gabanta, ga ƙullin goro a cinyarta wanda take zuwa da shi kullum don ta ba shi in ya sauko. Jirgin bai iso ba tukuna. Da ta gan ni fuskarta ta washe, ta fara ƙoƙarin gyara zama.

“Malam, kai ne da kanka? Ko ka ga wani abu ne?”

Na jingine keke. Na durƙusa a kan simintin nan mai laima, a gaban 'yan dako da masu tallan rake, na cire hulata.

“Goggo, kada ki ƙara ce mini Malam. Sani ne, ɗan hayarki mai buga tafireta. Kakana fata yake jima, bai bar mini komai ba. Abin da ke cikin layar nan lissafin makaranta ne, Malam Ishaya ya koya mini, gaskiya ya faɗa ranar nan, ni na yi ƙarya. Ba ta kiran kowa, Goggo. Ban san inda Haruna yake ba, ban san ko yana raye ba. Na ga kina tafiya da ƙafar nan, na ci tuwonki, na yi shiru don ina jin daɗin sunan. Ba ni da hujja ko ɗaya. Na cuce ki, ki yafe mini don Allah. In ba za ki iya yau ba, ki bari in kai ki gida a kan keken nan tukuna.”